Maganaɗisu Huɗu a Kan Tiren Inna

Ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya muke, benci ɗaya kuma muka gada a Kasuwar Gombe. Bayan wannan ban san abin da ya haɗa mu ba. Hamma nake ce masa, yadda ake kiran babban wa a gidanmu, kuma ko yau muka yi kiciɓis haka zan ce masa. Baki ne ya saba, zuciya ba ruwanta.

Sana'armu zanen hula ce. Mutum sai ya shekara talatin yana kafa hula a ka, bai taɓa tambayar wanda ya shata layin da zare ya bi ba. To mu ne. Ana kawo mana farin yadi a yanke, dogon ƙyalle na jikin hula da ɗan kewayayye na samanta, mu zana da biro da rula, sannan a shiga da su gidaje mata su bi layin da allura. Baba ya yi wannan sana'a har ya koma ga Allah, ya bar mana rumfa da benci mai cin mutum biyu. Hamma ya ɗauki gefen da inuwa take daɗewa, ya bar min gefen da rana take fara duka. Shekara ashirin da ɗoriya ina zaune a wurin ban yi ƙorafi ba. To, na yi, amma a gida, matata ce ta sha shi.

Wata Laraba da hantsi ɗan acaɓa ya watsar da ni a hanyar Kumbiya-Kumbiya, unguwar da nake zaune. Hannun hagu ya tafi ke nan, yana nan a jikina amma ko cokali ba ya riƙewa. Na dama ya karye a wuyan hannu, aka ɗora, ya haɗe, sai dai ya haɗe da rawa. In na ɗauki biro zan ja layi, sai ya fito yana kakkarwa, kai ka ce a bayan mota na zana shi.

Bayan wata huɗu na koma kasuwa. Na tarar Hamma ya baje kayansa har gefena. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi hannun, ya ce, "Gaisuwa ka zo?"

Na ce, "Aiki na zo."

"Da me?"

Haka ya tambaye ni a gaban mutane, ko muryarsa bai rage ba. Sannan ya gyara zama ya sa muryar manya, wadda yake sawa in zai ci maka mutunci cikin ladabi. Wai in koma gida in huta, ai shi yana raye, duk Juma'a zai aiko da cefane, iyalina ba za su rasa abin sawa a baki ba. Waɗanda ke wurin suka hau sa masa albarka. Ni kuwa ji na yi kamar ya tofa min yawu a fuska. Ban tsira daga ƙarƙashin babur don in koma jiran ƙullin yayana ba. Abin da nake so ɗaya ne, in zauna a gefen bencin nan a matsayin mai sana'a, ba wanda ake ciyarwa ba. Na ture kayansa da gwiwa na zauna.

Da ya ga ba zan tashi ba sai ya samo min aiki. In zai zana dogon ƙyalle yakan so a ja masa ɗaya bakin ya miƙe sosai, don kada ya tattare a ƙarƙashin rula. Sai in kifa tafin hannuna in danne, shi yana zane. "Ja kaɗan," zai ce, ba tare da ya dube ni ba. "Ba haka ba. Kai dannewar ma sai an koya maka?" Wata uku ina wannan. Masu wucewa su ce min sannu, su ce wa Hamma Allah ya bar zumunci. Wannan addu'ar ta fi karayar yi min ciwo.

A layin masu kayan yara na ga abin. Wata mata ce ta shimfiɗa tabarma tana sayar da tarkacen wasa, tana gwada wa masu wucewa wani zoben roba mai faɗin bakin kwano. Cikin zoben haƙora ne reras, irin waɗanda sarƙar keke take hawa. Akwai kuma 'yan faya-fayai na roba, su ma da haƙora a bakinsu da huji-huji a jikinsu. Za ka sa faifai ɗaya cikin zoben, haƙori ya shiga haƙori, ka soka biro a huji ka yi ta juyawa. Faifan yana zagaya zoben, biro yana fitar da fure a kan takarda, kowane kunne daidai da ɗan'uwansa. Na tsaya a kanta har ta tsargu. Abin da na lura da shi, biron ba hannu yake bi ba, haƙora yake bi. Hannu ya yi rawarsa in ya ga dama, layi ba zai kauce ba. Ga shi kuma faɗin zoben kusan daidai yake da saman hula.

Na saya na kai gida, a nan murnata ta koma ciki. Abin na masu hannu biyu ne, ɗaya ya danne zobe, ɗaya ya juya. Da zarar na fara juyawa sai zoben ya gusa, haƙori ya tsallake haƙori, furen ya wargaje. Na ɗora dutse, ya tare wa hannuna hanya. Na kakkafa allurai, ƙyallen ya tattare. Matata ta ce bari ta riƙe min, ta riƙe kuwa, fure ya fito tsaf. Sai na daka mata tsawa ba gaira ba dalili, ta tashi ta bar min wurin. Ba ita ta yi min laifi ba. Na gaji ne da aikin da sai an ara min hannu.

Rumfar da ke jikin tamu ta wani mai gyaran rediyo ce, mutumin Kaltungo, mun daɗe muna maƙwabtaka. In za mu masallacin Juma'a shi yake duba mana rumfa, ran Lahadi in ya rufe ya tafi coci mu karɓar masa saƙo. Shi na kai wa kukana. Ya jujjuya zoben a hannu, ya buɗe wani gwangwanin madara, ya zaro wasu 'yan ƙarafa huɗu manne da juna, kowanne bai kai akwatin ashana ba. Sai da ya sa filaya kafin ya raba su.

"Maganaɗisu ne, Malam," in ji shi. "Ba irin na lasifika ba fa, wannan daga cikin matacciyar kwamfuta na cire. Ka sa ƙarfe a ƙasa, ƙyalle a kai, zobe a kai, sai ka ɗora waɗannan a bakin zoben. Ko ni ba zan iya ture shi ba. Amma ka yi hankali da yatsa, ba shi da imani. Kuma ka raba shi da wayarka."

Ƙarfen da za a sa a ƙasa ne ya rage. Na gwada tiren silba na zamani, bai kama ba. Sai na tuna da tiren Inna, tsohon tire na ƙarfe mai fentin furanni, wanda take ɗoro wa Baba abinci a kai. Tun rasuwarta yake ƙarƙashin benci muna zuba birori a ciki. Na jawo shi na zazzage.

Hamma ya ce, "Tiren Inna ne fa."

Na ce, "Na sani. Ni ma ita ta haife ni."

Na kife shi a cinya, don bayansa a shafe yake, na shimfiɗa ƙyalle, na ɗora zobe. Na kawo maganaɗisun farko kusa, ya fizge daga hannuna ya faɗa, ƙas! Na biyu ya haɗa da fatar yatsana, jini ya taru baƙi ƙirin, ban ko yi tsaki ba don kada Hamma ya ji daɗi. Da huɗun suka zauna na tura zoben iya ƙarfina, ko gezau. Na soka biro na juya. Fure mai kunne shida ya fito, layi ya koma daidai inda ya faro. Rabona da in ja layin da ban ji kunyarsa ba wata bakwai ke nan. Na kau da kai wajen bango har idona ya bushe.

Cire su ma sai da dabara. Ba a ɗaga su sama, ba za su taso ba. Sai in matse tiren tsakanin gwiwoyina, in tura kowanne da babban yatsa har ya zame ta gefe. Hamma yana kallona ta wutsiyar ido, ya ce, "Gemai-gemai da kai, kayan wasan yara. Baba da rula da murfin kwalba ya yi suna."

Na ce, "Baba hannu biyu gare shi."

Akwai wata tsohuwa daga Bagadaza, kowa Goggo yake ce mata. Ita ce take karɓar zanannun ƙyallaye a wurinmu ta rarraba wa matan da ke ɗinki a cikin gidaje, in sun gama ta dawo da su. Na ba ta guda uku masu kunne shida. Da ta dawo da su a ɗinke, ni kaina sai da na riƙe baki. Wani ɗan kasuwa mai sarin huluna ya gani, ya ce yana son hula arba'in kafin Babbar Sallah. Hamma ya zana jikin, amma saman, in ji ɗan kasuwar, "Na ƙaramin nake so." Ran nan Hamma bai iya cin abincin rana ba, ni kuwa na ci har da ƙari.

A nan kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Akwai abin da Baba ya koya mana tun kafin mu iya riƙe rula. Hular da za a ɗinka, allura ake yi wa zanenta. In ka gama, sai ka ɗauki tsinken tsintsiya ka kwantar da shi tsakanin layi da layi. In tsinke bai samu wurin kwanciya ba, zare ma ba zai samu ba, sai ka sake zane. Shi ya sa ni da Hamma kowa yake da tsinke a bayan kunne. Nawa ya ɓata ranar hatsari, ban nemi wani ba. Ba mantawa na yi ba, na san wannan doka kamar yunwar cikina. Amma a cikin faya-fayan akwai wani wanda in ka soka biro a hujinsa ba ya tsayawa a kunne shida. Sai ya yi ta zagaye, layi kan layi, layi kan layi, har furen ya koma kamar saƙar gizo-gizo. In na fara shi mutane taruwa suke a bakin rumfa. 'Yan dako su sauke kaya su tsaya. Samari su ɗaga waya suna ɗauka, suna cewa, "Baba, wallahi wannan dizayin ya haɗu!" Ni da aka yi wata uku ana yi wa sannu, yau ni ake kallo ana jinjina kai. Na ce a raina, kunne shida ai na 'yan koyo ne, bari in nuna wa Hamma abin da hannuwansa biyu ba za su taɓa yi ba.

Na zana na farko na ajiye shi a tsakaninmu da gangan. Hamma ya ɗauka, ya ɗaga shi wajen haske, ya daɗe yana kallo. Ya kai hannu bayan kunne ya zaro tsinkensa. Sai kuma ya sa shi a baki ya hau sakace. Ya ajiye ƙyallen ya ce, "Ya yi kyau."

Tun da uwarmu ta haife ni bai taɓa ce wa aikina ya yi kyau ba. Da ina cikin hankalina da a nan na tsaya na tambayi kaina ko lafiya. Ni kuwa na ɗauka hassada ce ta ci shi har gaskiya ta kuɓuce masa. Kwana huɗu na yi ina zana arba'in ɗin nan, yana gefena, yana ganin kowanne. Ranar karɓa Goggo tana kwance da zazzaɓi, maƙwabciyarta ce ta karɓe su a ƙulle cikin leda, ta rarraba wa mata.

Bayan kwana tara, saura mako uku Sallah, sai ga Goggo da kanta, lokacin kasuwa ta cika. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta zazzage ledar a kan benci.

"Wane ne a cikinku ya yi wannan aika-aika?"

Na ce, "Ni ne, Goggo."

"Kai ne? Ɗan marigayi? To Allah ya shirye ka. Dubi nan."

Ta ɗaga guda ɗaya. Matar da ta karɓa ta yi ƙoƙarinta, ta bi layukan waje, amma da ta nufo tsakiya inda suka cunkushe, zare ya hau zare ya zama ƙulli kamar ƙurji, allura ta yi ta shiga wuri ɗaya har yadin ya yage. Wata ta ɗinka rabi ta warware. Wata ta yi ta soke yatsa, ga ɗigon jini nan a farin yadi. Yawancinsu ko farawa ba su iya yi ba.

"Matan nan da idonsu suke ci," in ji Goggo. "Kwana tara ka sa su suna ƙura ido a banza. Ɗaya har kuka ta yi, ta ɗauka ita ce ta manta ɗinki. An gaya maka hoto ake so? A bango za a rataya?"

Gaskiyarta ce. Sai ta juya kan Hamma. "Kai kuma babban, kana zaune a nan aka yi wannan? Makaho ne kai?"

Hamma ya ce, "Na gani, Goggo."

"Yaushe?"

"Tun na farko."

Na ce, "Ka gani ka yi shiru?"

"Da na faɗa za ka ji?"

"Da ka faɗa dai!"

"Da na faɗa cewa za ka yi baƙin ciki nake yi maka. Ba kai ka ce min Baba hannu biyu gare shi ba? To na bar ka da naka."

Na sha juya wannan magana a raina. Gaskiya ne, da ya faɗa da zagi zan bi shi. To sai ya faɗa in zage shi mana, amfanin wa ke nan. Tsinken yana hannunsa, kwantar da shi kawai zai yi a kan ƙyallen, ba sai ya buɗe baki ba, ni da idona zan gani. Ya zaɓi ya yi sakace da shi. Kuma kada wani ya ce min gudun faɗa ya yi, Hamma da faɗa yake karyawa. Ya hango ramin da zan faɗa ne, ya auna, ya ga faɗuwata ta fi masa yadin da za a ɓata, ta fi masa wahalar matan Bagadaza. Wannan ne ban yafe ba, kuma ban ga ranar yafewa ba.

Hamma ya ce wa Goggo ta zauna, yau ɗin nan za ta koma da wasu. Ya hau tsintar ƙyallayen. Waɗanda suka yage da waɗanda tawada ta huda ya watsa ƙarƙashin benci, sauran ya juya bayansu don ya zana a kai. Sannan ya miƙo hannu ya ce, "Miƙo tiren nan."

Kaina a ɗaure yake, na miƙa masa. Ya kife shi a cinya, ya ture zoben gefe, ya shimfiɗa ƙyalle, ya ɗora maganaɗisu ɗaya a kowace kusurwa. Ko yatsa bai matse ba. Ashe duk tsakin da yake yi kallona yake yana koyo. Ƙyallen ya miƙe tsam, hannuwansa biyu suka samu sarari, rula a ɗaya, biro a ɗaya. Kafin Goggo ta gama shan ruwan da aka ba ta ya gama uku, kowanne ya kwantar masa da tsinke a gabanta. Sai ya jawo wani dogon ƙyalle na jikin hula don ya gwada. Hannuna da ya saba ya miƙe da kansa zai danne bakin.

Ya ce, "Bar shi. Ka ga, ba sai ka riƙe ba. Wannan ba ya gajiya, ba ya kuma mayar da magana. Je ka gida ka huta."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Ba ni maganaɗisuna."

"Ɗauki mana, ai naka ne. Tire dai na Inna ne, ni ne babba, a nan zai zauna."

Ya ɗage hannuwansa biyu daga kan tiren, ya bar shi a cinyarsa. Na kama maganaɗisu ɗaya na ja, tiren ya taso gaba ɗaya ya biyo ni. Na tura gefe, tiren ya zame a kan rigarsa. Na sake, na sake. Zufa ta keto min. Goggo tana zaune tana kallo, 'yan dako sun tsaya, samarin nan ma suna nan, sai dai yau ba wanda ya ɗaga waya. Abin da ake buƙata kaɗan ne, wani ya riƙe tiren. Mai rediyo ya taho zai sa hannu, na watsa masa harara, ya tsaya. Hamma kuwa hannuwansa suna sama, fuskarsa ba yabo ba fallasa, yana jira in roƙe shi.

Ban roƙa ba. Na saki. Na tattara zoben da faya-fayan na zuba a aljihu na fita. Mai rediyo ya biyo ni har bakin layi, wai in yi haƙuri, zai nemo min wasu, kwamfutoci kullum mutuwa suke. Na ce masa ya bari. Bayan abin da Goggo ta zazzage a gaban jama'a, babu macen da za ta sake zura allura a zanena, ko da zinare na danne shi. Na bi ta layin masu tumatir, don kada in ratsa gaban rumfunan da suka san ni.

Washegari da safe na yi wanka, na sa riga da hula, na karya, na yi wa matata sai na dawo. Sai da na kai ƙofar gida na tuna ba inda za ni. Na tsaya a zaure ina kallon masu wucewa kasuwa. Ta leƙo ta gan ni. Ta koma ciki, ta fito min da tabarma.